Me ya sa nake yin abin da nake yi? Tambayoyi da amsoshi kan ɗabi'a da abin da ke kwance a ƙarƙashinta

Tun da yaƙi ya sa muka baro garin Madani na nan Sudan a Disamba 2023 muka sauka Gadarif gidan ƙanwar mahaifiyata, na fara ganin wani abu da shekara da shekaru ban gani ba. Kowa ya taho da halinsa kamar yadda ya taho da ƙullin kayansa, kuma mutum goma sha bakwai a tsakar gida ɗaya wa zai ɓoye hali? Daga nan hirar bayan isha'i ta koma kan maganar nan, ni kuma da yake malamar makaranta ce kuma na ɗan taɓa ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a, sai aka mayar da ni wurin kai ƙara. Ga tambayoyin da aka fi yi min. Ni ba likita ba ce fa, a sani tun yanzu.

Ustaza, wai mene ne sanin kai ɗin nan? Ai kowa ya san kansa.

Kowa ya san sunansa da na kakansa, ya san yana son agashe ba ya son bamiya. Ba wannan nake nufi ba. Abin da nake nufi shi ne ka kama kanka dumu-dumu kana cikin yin abu, ka ce af, ga ni na sake. Hannunka ya kai waya tun ba ka buɗe ido sosai ba, ko ka ce "tamam, ba komai" alhali akwai komai, ko baƙo ya yi sallama ki tashi ki ɗora shayi kina rantsuwa sai ya sha duk da kin san sukarin da ya rage na yara ne na safe.

Wata mai bincike a Amurka, Wendy Wood, ita da abokan aikinta a 2002 sun sa ɗalibai suna rubuta abin da suke yi da abin da suke tunani duk bayan awa ɗaya. Sai aka ga kusan kashi 43 cikin 100 na abin da suke yi maimaici ne, a wuri ɗaya kusan kullum, kuma sau da yawa hankalinsu na can wani waje. Ya'ani kusan rabin yininka jiki ne ke tuƙi kai kana kujerar baya. Ni ayar da take zo min a nan ita ce ta Suratul Ƙiyama, inda Allah ya ce mutum mai gani ne a kan kansa ko da ya jero uzurorinsa. Ganin yana nan, uzurorin ne suka yi masa labule.

To mene ne haɗin ɗabi'a da abin da na yarda da shi? Ni aƙidata ɗaya ce.

Ba aƙida nake magana ba, Kawu, Allah ya tsare. Ina maganar ƙananan hukunce-hukuncen da zuciya ta yanke tun tuni game da kai da mutane da duniya, ba ta taɓa furta su ba, amma da su take aiki. Irin su "in na ce a'a za a guje ni", "abin da ke hannu yau gobe babu", "in na huta ni rago ne", "namiji ba ya cewa ya gaji".

Wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Aaron Beck, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 100, shi ya tsara maganar a shekarun 1960. Ya lura marasa lafiyarsa akwai tunanin da ke gilma musu fit kamar walƙiya kafin ransu ya ɓaci, ba su ma ankara da shi. A ƙarƙashin wannan akwai dokokin da mutum ya kafa wa kansa, na "in kaza to kaza", can ƙasa kuma akwai tushen, abin da mutum ya ɗauki kansa. Hanyar tonowa mai sauƙi ce amma ba daɗi: duk amsar da ka ba kanka sai ka ce, to in haka ne, me wannan ke nufi a kaina?

Bari in yi da kaina kar in tona asirin wani. Ni ba na iya hana bashi. Ko kuɗin da ke Bankak ɗina, asusun banki na waya, na maganin Inna ne, aka kira aka ce Ustaza a taimaka, kafin a kashe waya na tura. Na tambayi kaina in na hana me zai faru? Za a ce na yi rowa. In an ce fa? Za a daina zuwa wurina. In an daina fa? Sai in zama ba ni da amfani. A nan na tsaya, don na ji abin ya soke ni a ƙirji. Ashe abin da na yarda da shi shi ne darajata tana cikin abin da nake bayarwa ne kawai, ranar da hannuna ya bushe ni ma na ƙare. Shekara ashirin ina kiran wannan kyauta. Akwai kyauta a ciki kam, ban musa ba, amma tsoro ya fi yawa.

Me ya sa sai da muka bar gidajenmu muka fara ganin waɗannan abubuwan?

Saboda ɗabi'a a jikin wuri take rataye. Ƙofar da kake shiga, lokacin fatur wato karin kumallo, angareb ɗin da kake zama wato gadon igiya, mai shayin da ke bakin hanyar makaranta, su ne ke tayar da ita, wani sashe can cikin ƙwaƙwalwa da ke riƙe da abin da aka saba sai ya karɓi aiki ba tare da ya nemi izininka ba. Ranar da aka ɗauke wurin, wasu ɗabi'un sai su mutu da kansu. Mijin yayata ya bar sigarin bayan la'asar a Gadarif ba da niyya ba, kawai dakalin da yake zama da abokan da yake sha da su ne babu.

Waɗanda suka biyo ka har gidan mutane kuwa, suka ƙi mutuwa duk da komai ya canza, to su ne abin dubawa. Ruwa ba ya tsami banza. Waɗannan ba dakali ne ya riƙe su ba, wani abu ne a ciki.

Gaskiya ne mu Hausawan Sudan muna da namu na daban?

A ganina e, kuma nan ne zan ɗan daɗe.

Ku tuna yadda aka zo. Wasu kakanninmu a ƙafa suka taso da niyyar hajji, ana tafiya ana tsayawa ana noma ana neman guzuri, shekara biyar, goma, wani har ya mutu bai ga Sawakin ba, inda ake shiga jirgin ruwa, balle Jidda. Wasu sun biyo hijirar da aka yi bayan yaƙin Burmi a 1903 inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas har suka zauna bakin Nil Azrak kudu da Sinnar, garin da har yau sunansa yake ɗauke da shi. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman audugar Jazira, hannun mutanenmu ya yi aiki a gonakin nan ba kaɗan ba. Wani masani, Bawa Yamba, ya zauna da mutanenmu a yankin Jazira ya fitar da littafi a 1995, abin da ya ba shi mamaki shi ne jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a nan har lokacin suna kiran kansu matafiya, masu hanyar Makka, wasu ma ba sa son gina gida mai ƙarko don kar ya zama sun sauka kenan.

Yanzu dubi abin da muke yi ba mu sani ba. Kana waya da Hausa a cikin hafila, motar haya, wani ya shigo ya zauna kusa da kai, sai ka ji bakinka ya juya Larabci ko muryarka ta yi ƙasa, ba wanda ya ce ka yi. Wani kawuna tun kafin yaƙi da rakam wataninsa, takardar shaidar ɗan ƙasa, yake kwana a aljihun jallabiya cikin leda, an haife shi a nan, an haifi ubansa a nan, amma a ransa kullum akwai wanda zai tare shi ya ce nuna. Yaro ya dawo an zalunce shi a makaranta, abin da uwa za ta fara cewa shi ne "yi haƙuri kar ka ja mana magana". Kuɗi ya shigo, a sayi zinariya ko abin da za a iya ɗauka a gudu, ba a dasa itace ba. Duk in ka bi su da tambaya wuri ɗaya suke kai ka: baƙo raɓa ne. Mu baƙi ne, kar mu yi nauyi a ƙasar mutane.

Amma fa a yi adalci. Ba zan zauna in ce wa tsoho tsoronsa ruɗu ne ba, bayan rikicin ƙabilanci da ya rutsa da Hausawa a Damazin da Rusairis a Yulin 2022, ga kuma wannan yaƙin da ya fara 15 ga Afrilu 2023 ya nuna wanda ya sayi zinariya ya fi wanda ya sayi firij dabara. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kuma wani lokacin tsumman macijin ne da gaske. Abin da nake cewa kawai, ka san kana ɗauke da shi. Ajiye takardu wuri ɗaya hankali ne. Amma ka hana 'yarka tsayawa takarar shugabancin ɗalibai don "ba namu ba ne", ko ka ƙi bin haƙƙinka a ofis kana murmushi kana cewa ma'alesh, ba komai, wannan kuma tsoron kaka ne yake cin rabon jika.

In na tambayi kaina dalili na samu amsa, shi kenan na gano?

Ina! Amsar farko ta falon baƙi ce, an share an fesa turare. A 1977 wasu masana biyu a Amurka, Nisbett da Wilson, sun jera safa ƙafa huɗu iri ɗaya sak a kan tebur suka ce wa masu wucewa su zaɓi mafi kyau. Mutane suka yi ta ɗaukar ta ƙarshen dama, kusan ninki huɗu a kan ta ƙarshen hagu. Da aka tambaye su dalili sai wannan ya ce laushi, wancan ya ce saƙa, ba wanda ya ce don tana dama, da aka ma ambata musu sai suka musa. Ba ƙarya suke yi da gangan ba, haka zuciya take, tana ƙera dalili nan take ta miƙo maka ka karɓa.

Shi ya sa ni na rage tambayar "don me". Na fi tambayar me ya faru daf da in yi, wa ke wurin, me na ji a jikina, wuya ne ya shaƙe ko ciki ne ya juya. Wadda ta fi duka kuma ita ce gwaji: ka bar abin sau ɗaya tak ka saurari abin da zai yi ihu a cikinka. Gwaggona da ba ta iya zama in akwai kwano ɗaya mara wanki, muka ce ta bari har safe. Ba ta kai sha ɗaya na dare ba ta tashi, wai tana jin muryar uwar mijinta, matar da ta rasu shekara talatin da suka wuce, tana cewa ƙazama. Ka ga ai ba tsafta ce kaɗai ke wanke kwanon ba.

Wannan ba ilimin Turawa ba ne? Ina tawakkali?

Malam, da girmanka, kafin Turawan nan su fara namu sun daɗe a ciki. Maganar da ake dangantawa ga Sayyadina Umar, ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku, kowane ɗan makarantar allo ya ji ta. Harisul Muhasibi da ya rasu a Bagadaza a 857, laƙabinsa ma daga yawan yi wa kai hisabi ya samo shi. Imamu Gazali ya ware babi guda a littafinsa Ihya kan muraƙaba da muhasaba, wato sa wa kai ido da yi wa kai hisabi, ya kwatanta mutum da ransa da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa: da safe a yi sharaɗi, da rana a sa ido, da yamma a zauna lissafi. Abu Zaid al-Balkhi kuma, wanda ya rasu a 934, ya ba da shawarar mutum ya tanadi tunani masu kyau tun yana lafiya kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar ciwo.

Kuma hadisin niyya fa? In ayyuka da niyya suke, ai dole ka leƙa ka ga wace niyya ce ke tura ka. Ni abin da na gani, wani abin da muke kira tawakkali sarewa ce ta sa rawani. Mutum ya ƙi zuwa asibiti ya ce ya bar wa Allah, ka tona ka tarar tsoron abin da likita zai faɗa ne.

Kina nufin kunyarmu ma ciwo ce?

A'a wallahi. Inna har ta tsufa ba ta kiran sunan yayanmu na fari, ni kuma ba na cin abinci gaban surukina, kuma ba na jin an tauye ni. Wannan ado ne, na san ina yi, na san don me, ranar da larura ta zo zan iya ajiyewa. Wadda nake tuhuma ita ce wadda ba ka iya ajiyewa ko da za ta halaka ka. Mace ta yi wata shida da ciwo a mama ba ta faɗa wa kowa ba, ɗalibi ya zauna shekara bai gane darasi ba bai ɗaga hannu ba. In ka bi wannan za ka tarar da "damuwata ba ta kai a dami mutane da ita ba". Sunanta kunya a baki, amma ba ita ba ce.

Kwana nawa ake ɗauka kafin hali ya canza? An ce 21.

Wannan 21 ɗin yawo kawai take a WhatsApp. Binciken da Phillippa Lally ta yi a Landan da mutum 96, wanda ya fito a 2009, ya nuna tsaka-tsakin kwana 66 ne kafin sabon abu ya zama jiki, wani 18 wani har 254. Kuma ƙananan abubuwa ne fa, irin shan ruwa bayan karin kumallo ko ɗan tattaki. Abin daɗin shi ne tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Wanda yake da saiwa tun yarinta kuwa kar ma ka ƙirga masa kwana.

An ce hali zanen dutse, na yarda, amma je ka dubi dutsen da ke bakin rijiya inda igiyar guga ke bi.

Yaya, ni tunanin kaina ya yi min yawa har ba na barci. Shi ne sanin kan?

Ba shi ba ne ƙanwata, kuma na ji daɗi da kika tambaya. Muhasaba tana da farko tana da ƙarshe, minti goma bayan isha'i, abu ɗaya, ki ce yau na yi kaza, ga abin da na ji, gobe zan gwada kaza, ki shafa addu'a ki kwanta. Wanda kike yi kuwa niƙa ne ba gari, me ya sa ni, me ya sa ban yi kaza ba, da ma, da ma, har asuba. Alamar bambancin ita ce na farko yana ƙarewa da wani ɗan abu da za ki yi, na biyun yana ƙarewa da kin tsani kanki.

Sannan wani abin ba ɗabi'a ba ce sam. In ƙofa ta buga kika zabura kina rawar jiki, in kina mafarkin hanyar da muka biyo, in ba kya son jin ƙarar babur ko jirgi, abinci ya fita ranki makonni, wannan rauni ne na abin da ido ya gani, ba a tona shi da tambayoyin nan ke kaɗai cikin dare. Ki faɗa wa wani babba da kika yarda da shi, a nemi likita ko masu ba da shawara da ke zuwa wuraren da aka sauke 'yan gudun hijira. In kuwa har tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, yau ɗin nan za ki faɗa, ba gobe ba.

Na gano abin da ke damun maigidana sarai. In faɗa masa?

Hhhh Allah ya ba ki haƙuri, kar ki soma. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tun da muka fara hirar nan kowa a gidan ya zama likitan wani, wata ta ce wa mijinta yawan faɗansa tsoron talauci ne, kwana biyu ba su yi magana ba, kuma abin haushin ma ta yiwu gaskiya ta faɗa. Abin da mutum bai tono da hannunsa ba, in ka miƙa masa zagi ne. In kina son ki taimaka ki ba shi labarin naki, ki yi shiru. Ko ki tambaye shi yadda gidansu yake lokacin yana yaro, wa ke riƙe da kuɗi, me ake yi in abinci bai isa ba, ki bar shi ya yi ta zuba.

Iyaye kuma a bar su. Inna tana ɓoye sukari da albasa a ƙarƙashin gado, ta ga yunwar 1984, ba ni zan koya mata komai ba.

Ke fa Ustaza, ban da bashin, me kika gano?

Habobata, uwar babana, tana da akwatin ƙarfe da ba a taɓawa, a ciki akwai farin yadi da 'yan kuɗin da aka daina karɓa tun zamanin mulkin Numeiri, tana ce masa kayan hanya. Ta rasu ba ta je ba. Ina yi mata dariya ina yarinya. Sai a Gadarif, ina kwance ina lissafa abin da muka bari, na ga shekara goma sha ɗaya na yi a gidanmu na Madani ban buga ƙusa ɗaya na rataya hoto ba, ban dasa ko na'ana'a ba, labulen ma na wucin gadi ne tun ranar tarewa, kullum ina cewa sai an natsu. Gidan namu ne fa, da takardarsa.

Mun koma bayan an buɗe hanya a 2025, ba ƙofa ba taga, an kwashe har wayar wuta. Wata uku da suka wuce na sayi dashen lemun tsami a kasuwa. Yana nan cikin gwangwanin madara a bakin randa, ina ba shi ruwa safe da yamma, maigidan ya haƙa ramin tun makon farko har yara sun fara zuba shara a ciki. Jiya ma ya tambaye ni, na ce masa sai zafi ya ɗan ragu.